Ina Kwana, Mazan Jiya

Kullum safiya mukan gaida maigadi da "ina kwana", shi kuma ya amsa da "lafiya lau", alhali tun magariba haƙarƙarinsa bai taɓa tabarma ba. Na shekara da shekaru ina wannan gaisuwa ban ji nauyinta ba, sai da aikin kwana ya faɗo kaina. A farkon shekarun 1980 ne, a wata ƙaramar maɗaba'a a Kaduna, inda aka ɗauke ni aikin duba kurakurai. Idan aiki ya taru, musamman gab da komawar 'yan makaranta, inji ba ya hutawa, mu ma haka. Mai jera haruffa ya jera, a buga gwaji, a miƙo mini, in bi shi layi-layi da jan biro, in mayar. Tsakanin wannan gwaji da na gaba akan sami ratar awa guda ko fiye. A wannan ratar nake fita bakin ƙofa, inda Baba maigadi ke zaune a kan benci, mai shayi kuma yana gefe da tukunyarsa a kan garwashi.

Bahaushe da dare yake ƙidaya rayuwarsa. Idan ya je baƙunta, kwana uku ya yi. Wanda aka daɗe ba a gani ba, a ce da shi "kwana biyu". Dattijo ya kwana biyu a duniya. Wanda ya tsallake rijiya da baya yana da sauran kwana, wanda ya riga mu gidan gaskiya kwanansa ne ya ƙare, abin da ya yi sanadinsa kuma ƙarar kwana. Yini na gona ne da kasuwa, amma ba ya shiga lissafi sai dare ya rufe shi an wayi gari. Harshen ya kuma raba kwana da barci, shi ya sa muke da kwanan zaune, irin na mai jinya, da na uwar da zazzaɓi ya kama ɗanta. Da na lura da wannan sai na gane babu wanda "ina kwana" ta fi dacewa da shi kamar maigadi. Mu da muka yi barci, idan muka ce lafiya lau, shaidar abin da ba mu gani ba muke bayarwa. Shi ne ya ga daren tun daga goshinsa har ƙeyarsa.

Magabata sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. Dukansu gaskiya ne, kuma maigadi a tsakaninsu yake zaune. Don dare ya zama mahuta ga na cikin gida, dole wani ya hana idonsa barci saboda masu sa shi riga.

Abin da ke riƙe masu aikin kwana shi ne hira. Muna da magana, muna da zance, muna da taɗi da tattaunawa, amma hira, ko fira a bakin wasu, 'yar dare ce tun asali. Ba ta da shugaba, ba ta da abin da aka taru a kai, ba a tashi daga gare ta da matsaya. Takan fara daga tsadar sukari, ta ratsa ta kan sauro, ta faɗa kan wani kare da ya taɓa bin mai shayi a garinsu, kafin ka ankara tana Indiya. Da rana, da ni da Baba da mai shayi babu abin da zai haɗa mu sai sannu. Dare kuwa yakan sauke wa kowa rawaninsa. Wanda yake jin sanyin da kake ji, yake yaƙi da gyangyaɗin da kake yaƙi da shi, ya zama ɗan'uwanka har zuwa kiran assalatu.

A irin wannan hira ce muka faɗa zancen abubuwan da mutum ke riƙewa ba don suna da wani amfani ba. Mai shayi ne ya jawo shi. Na ga wani tsohon kwabo mai huda a tsakiya ɗaure da zare a hannun butarsa, irin na zamanin Turawa, wanda aka daina karɓa tun kafin naira ta shigo a 1973. Ya ce kakarsa ce ta ba shi ranar da zai bar gida, kuma bai taɓa kafa tebur ba tare da shi ba. Baba ya yi shiru yana saurare. Can sai ya sa hannu cikin jakar da yake tada kai da ita, ya fito da wani gwangwanin taba, fentinsa duk ya goge, ya buɗe shi a kan gwiwarsa, ya ce in haska masa tocila.

Abu biyar ne a ciki. Akwai lamba mai siffar tauraro mai tsini shida, ta ƙarfe ruwan tagulla, ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Akwai maɓallin riga mai hoton bishiyar kwakwa. Akwai laya da zufa ta mayar da fatarta baƙa ƙirin. Akwai takardar kuɗi da aka naɗe gida huɗu, ta yi laushi kamar tsumma. Sai wani cokali wanda bakinsa ya cinye ta gefe guda.

Da wani ya tsinci wannan gwangwani a hanya, da tarkace zai kira abin da ke ciki. Kalmominmu na raina kaya suna da yawa: tarkace, komatsai, karikitai, shirgi. Dukansu baƙo ne ke faɗinsu, wato wanda ya ga abu bai ji labarinsa ba. Mai abin kuwa kalma ɗaya yake da ita, ajiya. Ajiya maganin wata rana, in ji Hausawa, kuma ita ce dai kalmar da muke kiran abin da wani ya damƙa mana amana kafin ya dawo. Ƙarfe ɗaya ne, takarda ɗaya ce, amma tsakanin tarkace da ajiya akwai mutum guda da abin da ya sani.

"Wannan ta Boma ce," in ji Baba, ya ɗaga lambar.

Boma ita ce ƙasar da ake kira Myanmar a yau. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, Japan ta ƙwace ta daga hannun Ingila a 1942. Ingila ta haɗa manyan runduna biyu daga Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, ta 81 da ta 82, ta tura su can. Mutanen Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Baba yana cikin runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943. Dagacin garinsu ne ya miƙa sunansa, a littafin soja kuma aka rubuta sunan garin a gurbin na mahaifinsa, kamar yadda aka yi wa dubbai. Daga Ikko jirgin ruwa ya kwashe su, ya zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, ya sauke su a Bombay bayan makonni a kan teku. A 1944 suka shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, dajin gora da duwatsu inda mota ba ta shiga. Su da kansu suka sare hanyar fiye da mil 70 da adda da diga. Abinci da harsasai kuwa daga sama jirage ke jefo musu da laima.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da Baba ya yi a can. Yana cikin sojojin dako, waɗanda suka maye gurbin mota da alfadari, suna ɗaukar harsasai da abinci da sassan igwa a ka, da yawansu adda ce kaɗai makaminsu. "Mutane suna tambayata Jafan nawa na kashe," in ji shi. "Ni gammo na sani, ɗan nan. Gammo da matsattsaku." Ya sunkuyar da kai, ya kama yatsana ya ɗora a tsakiyar kansa, inda gashi bai sake fitowa ba. Idan aka ce soja, bindiga ce ke zuwa mana a rai. Tun daren nan, ni gammo nake fara tunawa.

Yana cikin wannan bayani sai ya dubi sama, ya rufe gwangwanin, ya ɗauki gorarsa ya ce, "Bari in yi sintiri." Na bi shi da ido. Tsoho ne mai ɗan rankwafawa, amma da ya kama gindin katanga sai bayansa ya miƙe, takunsa ya daidaita, da ya kai kusurwa ya juya a kan dunduniya cak, ya dawo. A nan kalmar ta buɗe mini. Tun ina yaro mahaifiyata kan ce na ishe ta da sintiri idan na cika shiga da fita. Muna cewa mai neman aiki yana ta sintiri a ofisoshi, muna kiran matasan da ke tsaron unguwa 'yan sintiri. Asalinta kuwa kalmar Turanci ce ta sojan da aka tsayar yana kai da komo a bakin ƙofar bariki. Ni da ake biyana albashi don in duba kalmomi, sai a daren nan na ga wannan kalma tana tafiya da ƙafafunta.

Daga nan na shiga tsintar 'yan'uwanta. Gadi kanta, wadda ta haifi maigadi, daga bariki ta fito. Kurtu, da muke kiran duk sabon shiga da bai goge ba, sunan sabon ɗauka ne a soja. Ga fareti, ga oda, ga begila, ga kabido. Ga kofur da saje da samanja da hafsa da kyaftin da manjo da kanar, duk harshenmu ya tauna su ya daidaita su da bakinmu. Ga sojan gona, mai shigar abin da ba shi ne ba. Ita bariki kuwa ta tsallake katangarta ta zama sunan wata irin rayuwa. Idan aka ce wane ya shiga bariki, ko wance zaman bariki take yi, ana nufin sun bar gaban iyaye sun tafi inda ba mai kwaɓa. Wannan ma'ana ta nuna irin kallon da gari ya yi wa soja tun farko, kallon tsoro gauraye da ƙyama.

Kallon yana da dalili. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, da yawansu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya ba su bindiga. Irin wannan runduna ce ta bunƙasa a hannun Gwamna Lugga, kuma ita ce ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a watan Maris, ta kuma iske Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli, inda ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin da yawa Hausa suke ji. Shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, har ta haifi wata gajeriyar Hausa da ake kira Barikanci. Kalmar soja ta shigo mana ne da ƙarar igwa, ta ture dakare da barde gefe. Kayan yaƙinmu na da, wato lifidi da sulke da kwalkwali, waɗanda tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo su, suka koma kayan hawan salla. Madawaki da Jarmai da Barde suka zama sarautun fada. Garkuwa ta bar hannun mayaƙi, yau muna jin ta a garkuwar jiki a bakin likita, muna kuma jin ta a garkuwa da mutane a labaran da ke hana mu barci. Yaƙi yakan ƙare, kalmominsa su zauna su nemi wani aikin, kamar yadda tsohon soja ke yi.

Da Baba ya dawo ya zauna, na tambaye shi takardar kuɗin. Ya warware ta a hankali. Rupi goma ce, irin wadda Japan ta buga don Boma lokacin da take riƙe da ƙasar, da rubutun Turanci da hoton wani ɗakin ibada mai tsini. Ranar da Japan ta sha kashi, takardar ta zama ganye.

"Baba, me wannan za ta saya muku yanzu?"

"Ba ta sayen ko ƙwayar goro," in ji shi. "Shaida ce. In na ce na je, wa zai yarda?"

Wannan tambaya tasa ta daɗe tana damuna, domin shaidar tana ko'ina a garin da muke zaune. A Kaduna akwai barikin Kalapanzin da barikin Dalet, dukansu sunayen koguna ne a Arakan. A Zariya akwai barikin Chindit, sunan rundunar da aka jefa bayan layin Japanawa a 1944, wadda bataliyoyin Nijeriya uku ke cikinta. A Ikko akwai Arakan da Dodan da Myohaung, garin da sojojin Afirka ta Yamma suka ƙwace a watan Janairun 1945. Hedikwatar sojan Ghana a Ankara, sansanin Boma ake kiranta. Kwandasta yana kiran waɗannan sunaye, fasinja yana cewa a sauke shi a nan, ba wanda ya san dazuzzuka ne da 'yan garinsu suka ratsa da kaya a ka. Turawa da kansu sukan kira Runduna ta 14 ta Janar Slim, wadda su Baba ke ƙarƙashinta, rundunar da aka manta. Idan an manta da rundunar, ina ga mai gammo a cikinta?

Cokalin ne ya bari ƙarshe. Na wani abokinsa ne, ɗan garinsu, tare aka ɗauke su, tare suka hau jirgi. Zazzaɓi ya kayar da shi a Kaladan, aka binne shi a gefen hanya, tafiya ta ci gaba. Baba ya ɗauko cokalin da niyyar kai wa mahaifiyar abokin. Da aka sallame su ya dawo gida, ya tarar ita ma kwananta ya ƙare. Bai ci abinci da shi ba ko sau ɗaya, bai kuma ga wanda ya cancanci ya miƙa wa ba. "Ajiya ce," in ji shi, ya goge shi da bakin rigarsa. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, akwai ginshiƙan dutse masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, kuma a can ake rubuta irin su abokin Baba. Dutsen yana da nisan da ba ɗan garinsu da zai je ya karanta. Cokalin kuwa ya kwana kusan shekara arba'in a ƙarƙashin kan wanda ya san sunan mai shi, da na uwarsa, da irin dariyarsa.

Baba da mai shayi suka juyo kaina, suka ce saura ni. Na laluba aljihu na fito da abin da na tsinta a ƙasan injin tun makon da na fara aiki: harafin dalma guda, ƙaramin ƙ, wanda ƙugiyarsa ta ɗan lanƙwashe har aka jefar da shi. Baba bai yi boko ba. Ya karɓa, ya shafa ƙugiyar da farcen babban yatsansa, ya tambaye ni me yake faɗa. Na ce shi ne farkon ƙasa da ƙarfe da ƙarshe, shi ne kuma a tsakiyar yaƙi. Ya jinjina shi a tafin hannu, ya ce nauyinsa ya yi kama da na abin da ake ɗura wa bindiga. Gaskiya ya faɗa, da harsashi da harafi duk dalma ce. Ya mayar mini ya ce, "Riƙe shi da kyau, Malam." Ranar ce ya fara kirana Malam.

Sunan da muke kiran irin su Baba shi ne 'yan mazan jiya. Na daɗe ina juya wannan suna, kuma ina ganin wanda ya raɗa shi ya san abin da yake yi. Muna da "da", muna da "tuntuni", muna da "zamanin kaka da kakanni", amma aka zaɓi jiya. Tsakaninmu da jiya kwana ɗaya ne tak. Harshen yana gaya mana mutanen nan suna kusa, ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba, bashinsu bai tsufa ba. Mu ne muka karɓi kalmar muka juya ta, muka mai da jiya abin da ya wuce aka gama da shi. Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, manya sukan ajiye furanni, a busa begila, a saki tattabaru, a yi fareti. Wannan ya kyautu. Amma tsakiyar hunturu ke nan, kuma a daren wannan rana, a ƙofofin gidaje da shaguna da ma'aikatu, mazan jiya suna zaune gaban 'yar wuta, sun naɗe kai da rawani, suna tsaron barcin mutanen yau. Da yawansu fansho bai ishe su ba, shi ya sa suka koma ga sana'ar da bariki ta koya musu, hana ido barci. Mutumin da ke bakin aiki a daren yau bai zama jiya ba.

Na bar maɗaba'ar bayan shekara biyu. Da na koma gaida su, na tarar da wani a kan bencin, aka ce Baba ya koma garinsu, daga baya labarin rasuwarsa ya iso. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta hutun da dare bai ba shi ba. Harafin yana nan a akwatina, jikokina suna kiransa tarkacen Kaka, ni kuma duk wanda ya faɗa sai na zaunar da shi na ba shi labarin gwangwanin, don kada abin ya tabbata tarkace bayan raina. Haka kalmomin ma. Sintiri da gadi da kurtu da bariki ajiya ce da wasu mutane suka bar mana a baki, kuma hakkin ajiya shi ne a san mai ita.

Sojojin da suka je Boma sun kusa ƙarewa, amma bencin bai zama wofi ba. Waɗanda suka yi yaƙin basasa sun zauna a kai, bayansu waɗanda aka tura Laberiya da Saliyo a shekarun 1990. Maigadin layinmu na yanzu dattijo ne mai ɗingishi, mai yawan shiru. Wata asuba ina dawowa daga masallaci na ce masa ina kwana, ya ce lafiya lau. Maimakon in wuce sai na zauna a ƙarshen bencin, na ce, "Mazan jiya, yaya daren ya kasance?" Ya dube ni jim, ya kashe tocilarsa, ya gyara zama.

"Alhaji," in ji shi, "ka taɓa jin wani gari Manrobiya?"